Ko Kin San Ganyen Lalle Ba Ya Ba Da Baƙin Launi?

Dalilan da ke sa mace ta rina gashinta ba ɓoyayyu ba ne. Wata furfura ce ta riga shekarunta fitowa, wata biki ne ya taso, wata kuwa kwalliya take so ta yi wa maigida. Furfura ba cuta ba ce. A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin halitta masu samar da melanin, sinadarin da ke ba gashi launinsa, idan suka rage aiki sai gashin ya tsiro fari, kuma gado na da hannu sosai a lokacin da hakan zai soma. Son rufe ta ba abin zargi ba ne. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: mene ne a cikin rinin, nawa ne yawansa, kuma a wane sashe na jiki ake shafa shi?

Ganyen lalle yana ɗauke da sinadarin lawson, wanda ke kama gashi da fata da farce, ya bar launi tsakanin ja da ruwan ƙasa. Iyakarsa ke nan, ko an kwana da ƙunshin. Masu son duhu a Indiya sukan bi shi da ganyen baba, dangin wanda marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata ta Kano. Rinin kanti kuwa hanyarsa daban ce. Tun lokacin da Eugène Schueller ya haɗa nasa a birnin Faris a 1907, wanda daga bisani ya haifar da kamfanin L'Oréal, sinadaran masana'anta suka mamaye wannan sana'a. Amoniya ke buɗe ɓawon silin gashi, feroksaid ya kashe launin asali, sannan ƙananan ƙwayoyin sinadarin PPD su shige ciki su haɗe da juna, su yi girman da ba za su iya fitowa ba. Shi ya sa wanki ba ya fitar da shi, sai dai sabon gashi ya tsiro.

A kan PPD ɗin nan maganar take. Yana cikin sinadaran da suka fi jawo borin jini: ƙaiƙayi, ƙuraje masu ɗurar ruwa, wani lokaci fuska da ido su kumbura. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na rinin gashi bayan an kwaɓa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ba ta amince a zana shi a fata ba. To shi ne ke sa abin da ake kira baƙin lalle ko dayis ya yi baƙi wuluk cikin ɗan lokaci. Binciken da aka wallafa a 2010 daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya samu PPD kusan kashi 30 cikin 100 a wani baƙin lallen shagunan kwalliya. A Sudan kuma likitoci sun daɗe suna ganin yaran da suka haɗiyi garinsa, maƙogwaro ya kumbura, ƙoda ta daina aiki.

Wata za ta ce ta shekara goma tana yi ba ta ga komai ba. Gaskiya ne, yawancin mata ba sa ganin komai. Amma jiki yakan ɗauki lokaci kafin ya ƙullaci sinadari, kuma da zarar ya ƙullace shi ba ya mantawa. Yarinyar da dayis ya ƙona wa hannu ranar sallah tana iya kumbura bayan shekaru, ranar da ta fara rina furfurarta. Wata kuma tsoronta cutar daji ce, a nan ma adalci ya wajaba. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin gyaran gashi na yau da kullum mai yiwuwa ne ya jawo cutar, amma ba ta samu hujjar yanke hukunci kan mai rina kanta ba. Binciken da ya bi mata sama da 117,000 a Amurka tsawon shekara 36, aka wallafa a 2020, bai ga ƙari a yawancin nau'o'in cutar ba. Wani na 2019 ya ga ƙarin haɗarin cutar dajin mama na kashi 9 cikin 100, ya kuma fi tsanani a baƙaƙen mata. Wannan ya isa a sassauta yawan rini, bai kai a firgita ba.

Saboda haka rini ya fi aminci idan an san abin da ke cikinsa. Ki sayi wanda aka rubuta sinadaransa a jikin kwali, ki gwada kaɗan kamar yadda takardarsa ta nuna, ki jira awa 48. Ki sa safar hannu, kada ki bar shi ya wuce lokacinsa, kada ya taɓa gira ko gashin ido, ki ajiye shi nesa da yara. Ko jan lalle ma kada a shafa wa jariri, domin yana farfasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD. Ku kuma masu ƙunshi, amana ce a hannunku: ku faɗa wa amarya gaskiyar abin da kuka zuba a kwanon kafin ta miƙa hannu.