Ziyarar Kogon Hingilaj

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba zai rasa ganin turaren tsinke a rumfunan masu turare ba. Da yawa daga cikin turaren nan daga Indiya ake kawo shi. A wani layin ga kwakwa jibge, an kawo ta daga kurmi, a wani kuma ga jan yadi. A nan Arewa turare na ƙamshin ɗaki ne, kwakwa ta ci ce, yadi kuwa na ɗinki. Amma a wurin mabiya addinin Hindu, abubuwan nan uku guzuri ne na zuwa ziyara.

Indiyawa sun daɗe suna ciniki a Nijeriya. Kamfanin Chellaram ya kafu a Ikko tun 1923, daga nan kantunansu suka yi ta yaɗuwa har Arewa. Yawancin fataken nan na farko mutanen Sindu ne, watau ƙasar nan da kuke ji a labarun da, inda akan ce Hindu da Sindu. A 1947 aka raba Indiya biyu, Sindu ta faɗa cikin Pakistan, 'yan Hindu da yawa suka yi ƙaura. Amma babban wurin ziyararsu bai ƙaura ba. Yana nan cikin duwatsun Balucistan, yamma da Sindu, kusa da wani ƙauye wai shi Agor, a gefen kogin Hingol.

Wurin kogo ne, ana kiransa Hingilaj Mata. Kada ku ɗauka mata irin ta Hausa ce. A harshensu mata ita ce uwa, gama abar bautar da ake ziyarta a can mace ce, sun ɗauke ta uwa. Ga yadda suke ba da labarinta. Wai akwai wata mai suna Sati, matar Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Ubanta ya yi babban biki, ya ƙi gayyatar mijinta don raini. Baƙin ciki ya sa ta faɗa wuta ta mutu. Shiba ya saɓi gawarta yana ta yawo da ita cikin fushi, har duniya ta kusa lalacewa. Sai wani abin bautar, Bishnu, ya daddatsa gawar, gaɓoɓin suka watsu a wurare dabam-dabam, waɗansu sun ce 51. Ko'ina gaɓa ta faɗi ya zama wurin ziyara. Sun ce kanta a Hingilaj ya faɗi, shi ya sa suke ganin girman wurin ƙwarai.

Daga birnin Karaci zuwa kogon wajen kilomita 250 ne, watau ya ɗan ɗara nisan Kaduna zuwa Kano. Ga mai mota wannan ba wani abu ba ne. To, amma a zamanin da babu hanya, sai hamada da ƙoramu busassu. Masu ziyara sukan taru a Karaci su yi ayari, su ɗora tsaba da salkunan ruwa bisa raƙuma, su kama tafiya a ƙasa. Suna da madugu mai riƙe da wata sanda ta musamman, ba mai wuce shi, ba mai saɓa maganarsa. Rana in ta take sai su fake, su yi tafiyar sanyin safiya da ta dare. Rijiyoyi nesa suke da juna, wata ma in an iso sai a tarar ta ƙafe, ko ruwanta da zartsi. Sai an yi makonni kafin a je a komo, ba kuwa dukan wanda ya tafi ke komowa ba. Wanda ya ji labarin yadda kakanni suke ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa don zuwa Makka, zai gane irin wannan wahala, ko da yake addinan ba ɗaya ba ne.

Kafin a kai kogon akwai wani tudu mai ban mamaki, ana ce da shi Candaragup. Tsayinsa wajen mita 100, ba ciyawa ko ɗaya a jikinsa. A ƙwanƙolinsa akwai rami cike da taɓo, yana ta ɓulɓula kamar talge a tukunya, amma ba wuta ke dafa shi ba. Wata irin iska ce da ke can ƙarƙashin ƙasa take turo taɓon sama, in ta fito sai ya yi kumfa ya fashe. Masu ziyara sukan kwana a gindin tudun, da safe su hau. Kowa ya tsaya bakin ramin, ya faɗi laifofinsa da ƙarfi a gaban jama'a, sa'an nan ya jefa kwakwa da furanni. Su a ganinsu ɓulɓular taɓon ita ce amsa. Hawan tudun da wuya, amma ga alama tona asirin kai a gaban abokan tafiya ya fi hawan wuya.

Daga nan sai kogin Hingol. A nan ake wanka, wanda bai taɓa zuwa ba a yi masa aski. Sa'an nan a shiga wani kwazazzabo tsakanin dogayen duwatsu, inda akwai inuwa da ruwa da itatuwa. Bayan makonni cikin rairayi, ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ƙwalla.

Abin da ke cikin kogon ba wani babban gini ba ne. Dutse ne ƙarami, an shafe shi da jan gari. A gabansa ake kunna turare, a fasa kwakwa, a shimfiɗa jan ƙyalle. Akwai kuma wani matsattsen rami a ƙarƙashi, mai ziyara yakan shiga da rarrafe ta wannan baki ya fita ta wancan. Sun ce wanda ya fito kamar an sake haihuwarsa ne.

Mutanen da ke zaune a wannan yanki Musulmi ne, Balucawa. Tun da can su ne masu raƙuman haya, su suka san inda rijiyoyi suke. Suna kiran wurin Nani, watau kaka ta wajen uwa. Bayan 1947, da masu ziyara suka ragu, ba su rushe shi ba. Ga 'yan Hindun Indiya kuwa, samun izinin ƙetare iyaka ya zama da wuya, saboda rashin jituwar ƙasashen biyu. Da yawa sun tsufa sun mutu ba su ƙara ganin kogon ba.

A 2004 aka gama babbar hanyar kwalta ta gaɓar teku daga Karaci zuwa Gwadar, ta bi ta Agor. Tafiyar makonni ta koma ta 'yan sa'o'i. Yanzu kowace shekara cikin watan Afrilu ana babban taro na 'yan kwanaki, akan yi kiyasin mutum 100,000 ko fiye, mafi yawansu 'yan Hindun Pakistan. Tsofaffi da mata masu goyo, waɗanda da ba su da halin zuwa, yanzu suna zuwa cikin bas. Amma taron yakan bar leda da shara a kwazazzabon, ruwan sha kuma yakan yi ƙaranci. Waɗansu dattawa kuwa suna ganin ladan ziyarar a cikin wahalar yake, wanda mota ta kawo bai yi komai ba. Saboda haka har wa yau akwai masu tasowa a ƙasa tun daga hamadar Tar, can gabashin Sindu, suna tafe a gefen kwalta riƙe da jajayen tutoci, motoci suna wuce su.