Gawo, Abokin Hatsi da Bisashe



Damana ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Nan gaba kaɗan za ka ɗauki adda da gatari ka koma gona don sassabe. Kafin ka ɗaga gatarin nan, ɗan'uwa, zauna mu yi magana bisa wani icce da ka sani tun kana yaro, wato gawo.

Gawo iccen ƙasashe masu zafi ne. Ana samunsa tun daga Senegal har Sudan da Habasha, har can kudu a Malawi da Zambiya. Masu ilimin tsirrai na kiransa Faidherbia albida. A nan Nijar, wanda ya bi hanyar Matamaye, Magarya ko Mirya ya ga gonakin da gawo ya cika. Kakanninmu ne suka bar su da gangan, don sun san abin da iccen ke yi wa ƙasa.

Iccen da ya saɓa wa sauran itatuwa

Ka lura da kyau. Idan ruwa ya sauka, kowane icce sai ya yi ganye. Shi ko gawo a lokacin ne yake zubar da nasa. Duk damana yana tsaye tsirara. Sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta soma bushewa, sannan ya yi sabon ganye, ya yi fure, ya yi ɗiya. Yana iya haka don saiwarsa na nutsawa ƙasa da nisa har ta tarar da ruwan da ke can ƙarƙashi.

Wannan hali nasa shi ne ribarka. Da damana ba ya yi wa hatsinka inuwa mai yawa, rana na isa ga shuka. Ganyen da ya zubar kuma yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Bayan haka gawo dangin wake ne da gujiya. A saiwarsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu kamo azot daga iska. Azot ɗin nan shi ne abin da kake saye da kuɗinka cikin buhun takin ure.

A Bambey, ƙasar Senegal, masu bincike sun auna hatsin da aka shuka ƙarƙashin gawo da wanda aka shuka a fili. Sakamakon da suka fitar a 1965 ya nuna na gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. Kai ma kana iya gwadawa. Da kaka, ka ƙirga damman da ka ɗaure kewayen gawo, ka ƙirga na wuri mai faɗi ɗaya inda babu icce, ka rubuta cikin littafinka. Ga amfanin karatun yaƙi da jahilci.

Gawo da bisashe

Da bazara, lokacin da daji ya zama ƙura, gawo ne ke da ɗanyen ganye. Ɗiyansa masu murɗewa suna faɗowa ƙasa, awaki da tumaki da shanu da raƙuma suna rububinsu. Mata da yara na tsintarsu su kai kasuwa, masu kiwon turke na saye. Zuma na samun furensa a lokacin da fure ya yi wuya. Har raƙuman dawa na Kure, idan rani ya yi, suna gangarawa Dallol Boso suna cin ganyensa.

Bisashe kuma suna biyan bashi. Da tsakar rana sukan kwanta a inuwarsa, su zuba kashi da fitsari nan gindinsa, ƙasa ta ƙara ƙarfi. Ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri, ba ta tsira da sauƙi. Idan bisa ta ci, ƙwayar da ta tsere wa tauna takan fito cikin kashi, ɓawonta ya yi taushi, ga taki a jikinta. Ruwan fari na sauka sai ta tsiro. Ashe akuyarka ita ce mai shuka maka gawo. Gawo na ciyar da bisa, bisa na takin gona, gona na ciyar da kai. In ka fidda gawo daga cikin ukun nan, sauran biyun za su ji a jikinsu.

Abin da ya faru da mu

Tsofaffin Damagaram na ba da labarin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo. Daga baya mutane suka yawaita, gonaki suka faɗaɗa, aka riƙa share gona ƙaf, ana ganin gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da ƙasa ba sutura. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku.

A 1983, a jihar Maradi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tohon da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. Shi da manoman wurin suka soma barin tohon suna gyara shi. Wannan shi ne sassaben zamani. Manomi ya koya wa manomi, gari ya koya wa gari. Daga baya hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, wajen icce miliyan 200. Hannun manoma irinka ne ya yi wannan aiki.

Abin da za ka yi bana

1. Kafin sassabe, zagaya gonarka ka nemi tohon gawo. Za ka gane shi da farar ƙaya bibbiyu da ƙananan ganye.
2. A kowane kututture ka zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa. Sare sauran.
3. Ka rage rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawon iccen. Addarka ta kasance mai kaifi, ka yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage.
4. Ɗaura tsumma a jikinsa, don yara da masu noma da shanu su san mai shi na sonsa. In ƙarami ne, kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
5. Kada ka tara kara ka sa wuta kusa da shi.
6. Ka bar kamar metir 15 tsakanin icce da icce. Haka zai ba ka sama da icce 40 a hekta ɗaya.

Ka yi haƙuri da shi. Shekarun farko gawo saiwa yake yi, ba ka ganin girmansa a sama. Idan saiwar ta kama, sai ya miƙe.

Wani manomi ya taɓa ce mini: "Malam, in na raini icce, gobe a ce ba nawa ba ne." Tsoron nan yana da asali, amma doka ta sake. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka bisa sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina cikin gonarsa. Duk da haka gawo icce ne mai kariya. Kafin ka kayar da babba, je ka ga ma'aikacin gandun daji na yankinku.

Kai kuma makiyayi, ɗan'uwana, ka sassauta hannu. Gawon da aka yi wa aski ƙaf ba ya yin ɗiyan kirki a shekarar da ke biye. Ka ɗebi kaɗan, ka bar wa baɗi, kuma ka nemi iznin mai gona. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Idan akwai abin da ya shige maka duhu, ka tambayi malamin gona na garinku, ko ka aiko da wasiƙa gidan rediyo, za mu amsa cikin shirin manoma. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda.

Allah ya ba mu damana mai albarka.