Labarin Elaine Tanner, Gwanar Iyo ta Ƙasar Kanada

Jama'a masu karatu, ku sani a ƙasashen Turawa iyo sana'a ce da ake tsere a kanta kamar yadda ake sukuwa da dawaki, a auna tsawon ruwa, a riƙe agogo, a ba wanda ya riga lambar zinariya, na biyu azurfa, na uku tagulla. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan fage akwai wata 'yar Kanada, Elaine Tanner, wadda aka haifa a birnin Vancouver cikin 1951. 'Yar ƙarama ce ƙwarai a jiki, har mutanenta suka yi mata laƙabi da wani ɓera mai ƙarfi na cikin majigi.

Cikin 1966, tana da shekara 15, aka kai ta Kingston ta ƙasar Jamaika, wurin wasannin ƙasashe renon Ingila, waɗanda 'yan Nijeriya ma suka halarta. Nan ta kwashe zinariya 4 da azurfa 3. A shekarar aka ba ta kofin Lou Marsh, watau na wanda ya fi kowa a wasanni a Kanada duka, maza da mata. Da shekara ta kewayo ta je Winnipeg, wasannin ƙasashen nahiyar Amurka, ta ci zinariya 2 a iyon rigingine na mita 100 da na mita 200, da saurin da duniya ba ta taɓa gani ba.

To, daga nan ne nauyi ya hau kanta. Rabon Kanada da zinariyar iyo a Olamfik tun 1912, zamanin George Hodgson. Saboda haka da za a tafi Meksiko cikin 1968, mutanen ƙasar suka ƙidaya ribar tun kaya ba su isa kasuwa ba. Aka shiga ruwa a tseren mita 100, wata 'yar Amurka, Kaye Hall, ta riga ta taɓa bango da rabin daƙiƙa. Mai karatu ya gwada ƙifta ido sau biyu, to, kusan iyakar tazarar ke nan. A mita 200 kuma Lillian Watson ta riga ta. Ta komo gida da azurfa 2 da tagulla 1 ta tseren mutum huɗu.

Ku duba lissafin: lambobi 5 Kanada ta samu a wannan Olamfik baki ɗaya, 3 daga ciki da hannun yarinyar nan. Duk da haka abin da jaridu suka fi kururutawa shi ne zinariyar da ta kuɓuce. A ganina wannan tauye mudu ne, kuma ga wadda ba ta cika shekara 18 ba. Ita kuwa ta ɗauki zancen a zuci, ta ga ta kunyata ƙasarta, ta bar tseren iyo. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa ta yi shekaru masu yawa cikin baƙin ciki da ƙin abinci kafin ta sami kanta.

Girma dai bai fasa zuwa ba. Cikin 1969 aka ba ta lambar girmamawa ta Order of Canada, cikin 1971 aka shigar da sunanta zauren gwanayen wasanni na ƙasar, kana cikin 1980 na gwanayen iyo na duniya. Zinariyar da aka ɗora mata nemanta kuwa sai a 1984 ta samu, a Los Angeles, inda Alex Baumann ya ci 2, Victor Davis 1, Anne Ottenbrite 1.