Sadaukan Zane da Jikokin Kanta

(Kiɗan buɗe shiri: tambura, sannan a sassauta)

MAI GABATARWA: Jama'a masu sauraro, na Birnin Kebbi da Argungu, na Augie da Kalgo da Bunza, da duk inda muryarmu ta kai a fadamar Gulbin Rima.  Yau za mu duba sha'anin wasu baƙi da suka zama 'yan gida a wurin yaranmu, wato sadaukan littattafan zane, masu tashi sama da ɗaga duwatsu, waɗanda suka baro takarda suka hau talabijin da wayar hannu. Daga ina suka fito? Me ya sa matasa suka ƙwallafa rai a kansu? Kuma mu da muka gaji Kanta, sadaukin Kabi, mene ne rabonmu a wannan fage?

(Kiɗa)

Duk wanda ke raka yaro makaranta ya san fuskar Spider-Man, domin tana nan a jakar baya, tana nan a rigar Sallah. A shagunan masu tura finafinai a waya kuwa, za ka tarar da samari sun yi cirko-cirko, wannan na neman zango na uku na The Flash, wancan na tambayar ko fassarar Hausa ta fito. Da dare a majalisa gardama ta kaure: tsakanin Superman da Hulk wa zai kayar da wani? Me ya sa bos ya fi akta dabara? Iyaye da yawa na ganin wannan a matsayin ɓata lokaci. Kafin mu yanke hukunci, bari mu ji asalin abin.

A shekarar 1938, a ƙasar Amurka, mujallar Action Comics ta fito da labarin Superman a fitowarta ta farko. Samari biyu ne daga garin Cleveland suka ƙirƙiro shi: Jerry Siegel mai rubutu, da Joe Shuster mai zane, dukkansu 'ya'yan baƙin haure marasa hali. Lokacin talauci ne da rashin aikin yi, kuma a labaran farko Superman ba da dodanni yake faɗa ba. Mai dukan matarsa yake ladabtarwa, da mai kuɗin da ke jefa ma'aikatansa cikin haɗari, da ɗan siyasa maci amana. Batman ya biyo baya a 1939. A 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka kawo Spider-Man, maraya ɗan makaranta da ke zaune da gwaggonsa cikin rashin kuɗi. A 1966 kuma Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda.

Ga wani abu da zai faranta ran ma'abota rediyo. Kafin Superman ya shiga talabijin, ta rediyo ya fara shiga gidajen mutane, tun daga 1940. A rediyon ne ma, a 1943, masu sauraro suka fara jin labarin wani dutse da ke karya lagonsa. Marubutan sun gane cewa gwarzon da babu abin da ke iya kayar da shi ba ya riƙe mai sauraro. Sai da aka ba shi rauni sannan labarin ya yi armashi. A 1946 shirin ya yi kasada, ya sa Superman ya tunkari wata ƙungiyar asiri da aka kwaikwayo daga Ku Klux Klan, 'yan wariyar nan masu kashe baƙar fata. Yara na sauraron nishaɗi, suna kuma koyon ƙin zalunci.

Sai talabijin ta karɓa. George Reeves ya fito a matsayin Superman daga 1952. Adam West ya yi Batman a 1966. A ƙarshen shekarun 1970 aka yi The Incredible Hulk, inda ake shafe wani ƙato mai suna Lou Ferrigno da koren fenti, domin a lokacin babu kwamfutar da za ta zana dodon. Shirin Smallville, wanda ya gudana daga 2001 zuwa 2011, ya shekara goma yana ba da labarin ƙuruciyar Superman, kuma masu shirin suka ƙudura cewa ba za su sa masa rigarsa ta sadaukantaka ba sai a ƙarshe. Abin da ya riƙe masu kallo shi ne tarbiyyar da manomin da ya tsince shi ya ba shi, da abotar da ta rikiɗe ta zama gaba, da nauyin ɓoye sirri. Ku riƙe wannan, jama'a, domin za mu buƙace shi nan gaba.

(Kiɗa)

Su kuwa masoya waɗannan littattafai, ba 'yan kallo ba ne kawai. Tun 1970 suke taruwa a birnin San Diego, taron da yanzu ke jawo mutane fiye da 100,000. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambar waya su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi. Da ratar ƙuri'a 72 kacal aka kashe shi. Duk lokacin da aka mai da littafi shirin talabijin, su ne ke sa ido: an canja halin wane, an yar da wance, wannan ba haka yake a littafi ba. Wannan tsananin kishi shi ne ya raya sana'ar fiye da shekara 80. Mai kishin labari shi ke saye, shi ke gyara, kuma daga cikinsu ne marubutan gobe ke fitowa.

Wasu ƙasashe ba su tsaya ga saye ba. Indiya ta yi nata, Shaktimaan, wanda ya fara fitowa a talabijin a 1997. A Kuwait, Dokta Naif Al-Mutawa ya ƙirƙiro The 99 a 2006, matasa daga ƙasashe daban-daban, kowanne da baiwar da aka gina kan wata ɗabi'a tagari. A Pakistan, a 2013, aka fara nuna Burka Avenger, malamar makaranta da ke yaƙar masu son rufe makarantar 'yan mata, makamanta kuwa littattafai ne da alƙaluma. A nan gida Najeriya, Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, kuma ana taron masoya zane a Legas tun 2012. Roye Okupe ya rubuta Malika, jaruma wadda ya samo daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, sannan littafinsa Iyanu, wanda aka gina kan al'adun Yarabawa, ya zama shirin katun da aka fara nunawa a Cartoon Network a 2025. Yawancin waɗannan daga takarda ko ƙaramin ɗakin zane suka tashi.

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya gwabza da sojan Turawa sannan ya faɗa duniyar aljannu, ya fito a 1934, shekara huɗu kafin a san da Superman. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya taso ba ya iya tafiya, daga baya ya zama sadauki. Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. A bakin kakanninmu kuma muka ji labarin layar zana da baduhu, da sagau, da kau-da-bara, da 'yan tauri da wuƙa ba ta kama su. Tunanin mutum mai baiwar da ta wuce ta sauran mutane tsohon abu ne a ƙasar nan.

(Kiɗa: kalangu da tambura)

To, mu dawo Kabi. Labarin baka ya ce Muhammadu Kanta ya taso yana kiwo, ya yi suna wajen dambe da kokawa tun yana saurayi, har matasa suka taru a bayansa. Littattafan tarihi sun tabbatar da cewa a farkon ƙarni na 16 ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya yi tawaye, aka aiko masa runduna ya fatattake ta. Daular da ta fi kowace ƙarfi a yammacin Afirka a wancan zamani ta kasa tanƙwara shi. Ya gina Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yau. Ya kara da Barno. Ana ba da labarin jirginsa na ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake ratsa fadama da shi idan ruwa ya cika. A ƙarshe kuma, ba a babban fagen fama ya faɗi ba: a hanyarsa ta komowa gida aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina. Ga ƙuruciya, ga ɗaukaka, ga abokin tafiya da ya zama abokin gaba, ga rauni. Duk abin da marubutan Amurka suka sha wuya kafin su ƙago, tarihi ya ba mu shi a haɗe.

Mai son zana wannan ba sai ya yi kame-kame ba. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda ya kasance fadar sarki har zuwa 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, yana ɗauke da masu da takubba da kwari da baka da tambura da layu. Yaron da ya iya zana sulken Iron Man daga waya, ya je can da fensirinsa ya zana lifidi da garkuwa da idonsa.

Sai kuma ruwa. Dubi Matan Fada a Argungu ranar bikin kamun kifi, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Dubban masunta da homa da gora suna jiran a ba da izini. Sarkin Ruwa da sanin da ya gada game da kogi da kadoji. Wasannin kabanci, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da mutum ya fito da giwan ruwa da sai an taru ake ɗaga ta. Irin waɗannan masunta da masu nutso ne ake kira idan jirgi ya kife, kamar yadda ya faru kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Matashin da ya gaji nutso, wanda ke tsamo mutane daga bakin mutuwa alhali shi kansa yana fama da talauci, gwarzo ne da zai iya riƙe shiri mai dogon zango. Haka ma, jihar da ta ga sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba ta buƙatar a faɗa mata darajar labarin malamar da ke tsaye a ƙofar aji.

Amma fa akwai hattara. Kanta ba ƙage ba ne, zuriyarsa na kan gadon sarauta. Tarihin yankinmu kuma yana da fuska biyu. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Kabawa suka koma suka kafa Argungu, aka shafe yawancin ƙarni na 19 ana gwabzawa. Kowane ɓangare na da mazajensa da yake alfahari da su. Marubucin da ya mai da ɗaya akta ya mai da ɗaya bos ya cuci tarihi, ya kuma tono abin da magabata suka binne. Domin a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin kamun kifi, kuma daga wannan sulhu ne bikin da muke taƙama da shi ya samo siffarsa ta yau. Wannan rana ta cancanci a zana ta fiye da kowane yaƙi, don yaranmu su ga cewa mai da takobi kube jarumta ce. Batun tsafi da layu kuma, a nuna su a matsayin abin da magabata suka yi imani da shi, a nemi shawarar malamai da masana tarihi, a bar nasarar gwarzo ta rataya kan ilimi da juriya da amana.

Ta ina za a fara? Ta inda Superman ya fara: takarda, sannan rediyo. Shafi takwas na zane ba ya buƙatar miliyoyi, kuma ana iya yaɗa shi ta WhatsApp a ji ra'ayin jama'a. Wasan kwaikwayon rediyo na iya kawo rundunar Songhai gaba ɗaya da kofato da kuwwa kawai. Idan labari ya kama zukata, masu talabijin da kansu za su zo nema, kamar yadda Arewa24 ta nuna tun 2014 cewa shirin Hausa mai inganci na da kasuwa. Ɗalibanmu na Kwalejin Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ku haɗa kai: mai rubutu, mai zane, mai tarihi, mai kwamfuta. Kuma ku riƙe haƙƙin mallakarku da kyau. Siegel da Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130, suka shafe shekaru suna shari'a, kamfani na kwasar dukiya suna cikin ƙunci. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku fahimta ba.

Iyaye kuma, idan kun ga yaro ya cika bayan littafinsa da zane, ku tsara masa lokacin karatu, ku lura da abin da yake kallo, domin ba kowane shiri ne ya dace da yara ba. Amma kada ku karya masa fensir. Ku saya masa takarda, ku kai shi wurin kakansa ya ji labarin Surame, ku ce ya zana muku abin da ya ji.

Da haka muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Duk matashin da ke da zane ko labari irin wannan, ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take.   

(Kiɗan rufe shiri)