Shirya Kanel na Linux Domin Faifan Ajiya da Na'urar Rubuta Faifai

Gabatarwa

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta, watau shi ke shiga tsakanin na'urori da sauran manhajoji. Kowace na'ura tana da direbanta, wata 'yar manhaja mai yi wa kanel tafinta. Kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fito da shi a 1991, yana bai wa mai harhaɗa shi damar zaɓen direbobin da yake bukata. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake wannan zaɓe.

Faifan Ajiya

Idan aka ba da umarnin make menuconfig, akan ga jerin direbobi, akasarinsu da zaɓi uku: a gina direba cikin kanel, ko a ajiye shi gefe sai an neme shi, ko a bar shi ɗungurungum. Direban faifan da babbar manhaja ke zaune a kai, tilas ne a gina shi ciki, ko kuwa a sa shi cikin initramfs, ƙaramin ƙunshin da ake lodawa tare da kanel. In ba haka ba, kwamfuta ba za ta tashi ba, domin tamkar an kulle ɗaki ne alhali mabuɗin yana ciki. Haka kuma dokar take ga tsarin fayilolin faifan, alal misali ext4.

Na'urar Rubuta Faifai

Wannan kuwa ana iya ajiye direbanta gefe, tun da ba da ita ake tashi ba. A kanel 2.4 na 2001, sai an yi wa na'urar IDE shigar burtu da direban ide-scsi, ta zama kamar ta SCSI, kafin manhajar cdrecord ta yi rubutu da ita. Kanel 2.6 na 2003 ya kawar da wannan larura, sa'an nan aka cire tsofaffin direbobin IDE a 2021. Yanzu ta hanyar libata ake bi, a haɗa da direban sr. Bugu da ƙari, karanta faifan yana bukatar tsarin ISO 9660 ko UDF.

Kammalawa

Ya kamata mai wannan aiki ya san na'urorinsa tun kafin ya fara, ya kuma adana tsohon kanel, domin in sabon ya ƙi tashi ya sami inda zai koma.