Mallakar Manyan Kantuna a Nijeriya da Matsayin Ɗan Kasuwar Dutsin-Ma da Kurfi

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗanda suka mallaki manyan kantuna a Nijeriya, domin mai kanti shi ke yanke inda riba za ta tafi. A 1929 aka kafa kamfanin UAC, wanda ya kasance ƙarƙashin Unilever na Ingila da Holan. Shi da irinsu John Holt sun riƙa sayen gyaɗa da auduga a ƙasar Hausa ta hannun wakilai, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. A 1948 UAC ya buɗe kantin Kingsway a Ikko.

Dokokin 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, amma masu hannu da shuni na birane su suka fi cin moriyar abin. Daga baya Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo a 2005, ya buɗe reshe a Kano a 2014, ya sayar da kantunansa ga kamfanin Ketron a 2021, sa'an nan aka rufe reshen Kano a 2024.

Abin lura shi ne, irin wannan jari birni yake bi, kuma yana tashi da zarar riba ta ragu. Saboda haka ciniki a Dutsin-Ma da Kurfi yana hannun ƙananan 'yan kasuwa masu saro kaya daga Singa da Kantin Kwari. Sai dai farashin sukari da taliyar da suke sayarwa, manyan kamfanoni kamar Dangote da BUA ke aza tushensa.