Asirin Cikin Kiyub ɗin Rubik da Yadda Ake Sāke Masa Siffa

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro a birnin Haɗejiya, ya ɗaga kai ya dubi ɗaurin guga, ya san maginan dā sun iya sa azara ta tsaya a sarari ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba. Kowace azara tana danne da 'yar'uwarta, ita ma wata ta danne ta, har rufin ya tsaya. Irin wannan tunani ne wani malamin zanen gine-gine mai suna Ernő Rubik ya yi a birnin Budapest na ƙasar Hangari a shekarar 1974, sai dai shi ya ƙara wa kansa wahala guda: yana son guntayen su riƙe juna, kuma su riƙa juyawa ba su warwatse ba.

Abin da ya ƙera shi ne ake kira kiyub ɗin Rubik. Kiyub shi ne duk wani abu mai fuska shida daidai wa daida, kamar ƙwayar sukari. An fara sayar da shi a Hangari a 1977, ya bazu cikin duniya daga 1980. Shi kansa Rubik sai da ya yi kusan wata guda kafin ya iya mayar da launukan gurabensu bayan ya hargitsa su.

Abin da ke ciki

Gani ya kori ji. Idan aka juya layin sama rabin juyi, wato digiri 45, aka sa ɗan ƙarfe aka ɓanɓaro guntu ɗaya na gefe, sauran za su zube. Ido yana nuna kamar guntaye 27 ne, amma na tsakiyar ciki babu shi. A gurbinsa akwai wata ƙwarya mai hannu shida, kowane hannu yana duban fuska ɗaya. A kan kowane hannu an ɗaure guntu ɗaya da kusa mai zare da ɗan sifirin. Waɗannan shida su ne 'yan tsakiya. Suna juyawa a inda suke, amma ba sa barin wurinsu, don haka launin ɗan tsakiya shi ke faɗin launin da fuskar za ta ɗauka.

Sauran guntaye 20 ba a ɗaure suke da kome ba. Akwai 'yan gefe 12 masu launi biyu, da 'yan kusurwa 8 masu launi uku. Kowanensu yana da 'yar ƙafa da ta shige ciki. 'Yan tsakiya suna danne ƙafafun 'yan gefe, su kuma 'yan gefe suna danne ƙafafun 'yan kusurwa. An sassaƙe ƙafafun ta yadda in sun haɗu za su yi da'ira, ita ce hanyar da suke zamewa a kai idan an juya fuska. Sifirin kuwa shi ke matse su daidai gwargwado. In ya cika tauri kiyub ya ƙi juyawa, in ya cika sako-sako guntaye su riƙa fita.

Lissafin da ƙwaryar ta shimfiɗa

Yawan hanyoyin da za a iya hargitsa wannan ɗan abu ya kai 43,252,003,274,489,856,000. Duk da haka, a 2010 wasu masana lissafi huɗu sun tabbatar da taimakon kwamfuta cewa babu hargitsin da ke bukatar fiye da juyi 20 kafin a warware shi.

Akwai wani abin lura ga mai kwance kiyub. Idan ya mayar da guntayen yadda ya ga dama, sau ɗaya ne kawai cikin 12 zai dace da haɗin da ke warwaruwa. Dalili kuwa shi ne juyi ba ya iya murɗe ɗan kusurwa ɗaya shi kaɗai, ba ya iya kifar da ɗan gefe ɗaya shi kaɗai, ba ya kuma iya musanya guntaye biyu kawai ya bar saura. Na farko yana da hali 3, na biyu 2, na uku 2, in an ninka su a sami 12. Saboda haka ƙa'ida ita ce a haɗa kiyub a warware, kowane launi a gurbinsa.

Sāke siffa

Da mutane suka gane cewa juyin duka a ciki yake, sai suka ga ana iya taɓa waje yadda aka so, muddin ba a taɓa ƙafafu da hanyoyin da fuskoki ke rabuwa ba. Daga nan aka sami masu sana'ar sāke wa kiyub siffa. Hanyoyinsu na asali uku ne: ragewa, da ƙarawa, da ɗaurewa.

Misalin ragewa shi ne kiyub mai siffar ganga. Akan sa zarto a yanke gefuna huɗu na tsaye daga sama har ƙasa, sai sama da ƙasa su zama masu kusurwa takwas. Da yake guntayen roba ne mai rami a ciki, sai a cike ramukan da irin ƙullun da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, a bari ya bushe, a goge shi sumul, a liƙa sababbin launuka. A nan wani abin mamaki kan faru: mai warwarewa yakan tarar da ɗan gefe ɗaya a kife, abin da aka ce ba ya yiwuwa. Dokar ba ta karye ba. Ɗaya daga cikin 'yan gefen da aka yanke ne shi ma ya kife, amma da yake yanzu launi ɗaya gare shi, ido ba ya gani.

Tony Fisher na ƙasar Ingila ya haɗa ragewa da ƙarawa a farkon shekarun 1980. Ya karkata siffar waje da digiri 45 daga yadda ƙwaryar take, ya yanke nan ya cike can. Sai 'yan tsakiya huɗu suka koma kamar 'yan gefe masu launi biyu, kuma da an fara juyawa kiyub ɗin yakan yi ƙahoni ta ko'ina. A 2006 Hidetoshi Takeji na Japan ya gusar da ƙwaryar daga tsakiya, kowane guntu ya sami girmansa dabam. Launi ɗaya ne duka, da girma kaɗai ake gane gurbin kowa.

Ɗaurewa ita ce mafi sauƙi. A liƙe guntaye biyu maƙwabta da gam, sai duk juyin da zai raba su ya toshe. Liƙi biyu ko uku sun isa su mayar da kiyub ɗin da yaro ya ƙware a kai ya zama sabuwar matsala.

Me ya sa bakwai ta yi gardama?

An sami kiyub mai layi huɗu da mai layi biyar tun farkon shekarun 1980, amma mai layi bakwai bai shiga kasuwa ba sai 2008. Ɗalibin da ya san ƙa'idar Pythagoras zai iya gano dalili da alƙalaminsa. A ɗauka faɗin kowane guntu inci 1 ne. Daga tsakiyar kiyub mai layi bakwai zuwa bakinsa inci 3.5 ne. Lungun ɗan kusurwa da ya fi kusa da tsakiya yana nesa da inci 2.5 ta dama, da 2.5 ta gaba, wato 2.5 sau 1.414, wanda ya ba da 3.54. Idan aka juya layin sama digiri 45, wannan lungu zai wuce baki da kaɗan. Ke nan ɗan kusurwa duka yana rataye a iska, babu inda za a sa masa ƙafa. A mai layi shida lissafin 2.83 ne a kan 3, saura ƙiris ke nan. A mai layi uku kuwa 0.71 ne a kan 1.5.

Wani injiniyan ƙasar Girka, Panagiotis Verdes, ya magance wannan ta hanyar kumbura fuskokin kamar matashin kai. Wasu kuma suka ƙara wa layin waje kauri. Da zuwan na'urar da ke ɗab'in abubuwa da roba daga zanen kwamfuta, Oskar van Deventer na Holan ya fito da mai layi 17 a 2011, Grégoire Pfennig na Faransa ya yi mai layi 33 a 2017.

Ga malamai da ɗalibai

Makarantu da yawa a ƙauyukan fadamar Haɗejiya suna fama da ƙarancin kayan gwaji, har ɗalibi ya haddace kusurwa da da'ira bai taɓa riƙe su a hannu ba. Kiyub biyu masu araha, da ƙaramin zarto, da gam, sun ishi ƙungiyar kimiyya ta makaranta aikin zango guda. A fara da kwancewa da ƙirga guntaye, a bi da ɗaurewa, yanka ya zo daga ƙarshe, malami na tsaye. Kafin a sa zarto, ya kamata kowane ɗalibi ya zana abin da yake zaton zai fito, ya rubuta guntayen da za su rasa launi da waɗanda za su ƙaru da shi, sa'an nan a yanka a gwada zatonsa da abin da ya fito.